Sun ce kunya ce, ashe idona ne ke tafiya

Salamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa na bar lakwal, wato makarantar boko, don girman kai, ga abin da ya faru.

Da ƙaiƙayi abin ya fara. Ina murza ido har ya yi ja, Inna tana sayo mini maganin ɗigawa a kasuwar Matankari. Yana kwantar da ƙaiƙayin, shi ya sa muka riƙe shi shekaru.

Daga baya haske ya soma yi mini zafi. Nakan sunkuyar da kai ko'ina. Maƙwabta suka riƙa cewa, "Ɗiyar nan akwai kunya, ba ta ko kallon mutane." Inna tana jin daɗi. Ni kuma ban iya buɗe baki na ce rubutun allo yana rabuwa biyu ba.

Ranar da na daure na faɗa musu, Gwaggo ta ce, "Doguwa ce, aljanar da ta taɓa kakarku, a yi mata turare." Kaka ta makance tun farkon samun 'yancin kai, ba wanda ya taɓa auna idonta.

Aka yi turaren. Na faɗi jarabawa.

Sai da Baba ya sayar da geron da muke ci sannan muka isa asibitin Yamai. Lokotoro, wato likita, ya ɗiga mini ruwa a ido, ya auna, ya sa na kalli wata na'ura mai zobban haske. Ya ce hawan jinin ido ne, maganin kasuwar ya tsananta shi. Fatar gaban idon kuma, mai kama da gilashi, murza ta sa ta yi siriri ta yi tsini.

Baba ya ce, "To a gyara."

Lokotoro ya ce, "Malam, na dama ya riga ya tafi. Na hagu muke ceto."

An yi aiki. Na hagu ya tsaya, da tabarau da ɗigo safe da yamma. Na koma aji, benci na gaba.

Na gode wa Allah, da Baba, da ƙawata Hadiza da ta riƙa karanta mini darasi. Amma har yau in an yabi kunyata, raina ɓaci yake.

Kada ku ɗiga abin da ba likita ya rubuta ba. Ku daina murza ido. In akwai makaho a danginku, ku je a auna ku.

In yarinya ta cika sunkuyar da kai, kafin ku yabe ta, ku tambaye ta ko tana gani.