Cilakowar da Ke Cikin Kogo

Tagum ya fara harbin cilakowa tun bai iya rataya adda da kyau ba. A zamaninsu ba wanda ke ganin laifin haka. Namiji ba ya cika namiji a ƙauyen Rilo sai ya ɗora hular saƙa mai bakin cilakowa a goshi, kuma bakin nan ba a gona ake shuka shi ba. Tagum kuwa hannunsa ba ya kuskure. Rabin hulunan dattawan ƙauyen shi ya harbo musu abin ɗorawa.

Sai gwamnati ta ce daga bakin kogi zuwa duwatsu ya zama gandun daji, ba harbi, ba sara. Daga baya masu kula da tsuntsaye suka zo da bakunan roba, an shafa musu fenti, suka ce a kawo na gaske a karɓi waɗannan. Dattawa suka zauna suka amince, har suka sa tara mai nauyi a kan duk wanda ya sake taɓa cilakowa, ban da ɗaurin da ke jiransa a hannun hukuma. Tagum ne ya fara cire nasa ya miƙa. Ba wai ya fi kowa tausayi ba ne. Shi dai ya fi kowa shiga dajin, ya kuma lura yana yin yini guda bai ji ƙarar fukafukansu ba, su da ake jin tahowarsu tun daga nesa kamar ana zuga wutar maƙera.

Aka ba shi aikin gadin sheƙar cilakowa. Bishiya ɗaya ce tasa, doguwa, a ƙetaren kogi, mai kogo can sama. Duk shekara idan zafi ya fara, macen takan shiga kogon ta liƙe ƙofar a kanta, ta bar 'yar tsaga da bakinta kawai ke iya fitowa. A ciki take yin ƙwai, a ciki gashin fukafukanta ke zubewa, ko an buɗe mata ba ta iya tashi. Cinta duk yana wuyan mijin. Zai zo ya sauka, ya ƙwanƙwasa jikin bishiyar da baki, ya riƙa miƙa mata 'ya'yan ɓaure ɗaya bayan ɗaya, haka har watanni. Tagum yana zaune a ƙasa yana cire matsattsaku daga ƙafa yana kallonsu. Shekaru ya yi a kan haka, har ya san namijin da wani ɗan tsagu da ke gefen bakinsa.

Ƙauye fa bai bar shi ya sha ruwa ba. Da yawa cikin sa'o'insa ɓoye nasu na gaske suka yi, sai ranar biki su fito da shi suna ƙyalli. Idan an zauna shan giyar shinkafa wani zai ce, "Tagum, ja da baya daga wutar nan, kada mutuncinka ya narke." Bakin robar da ke hularsa ake nufi. A kwashe da dariya, shi ma ya yi. Wanda ba ya dariya shi ne ɗansa Lokam. Tun yana ƙarami maganar nan ke ci masa rai, ya tafi birni ya zama direba, ya dawo da gemu, tana nan a ransa.

A shekarar da Lokam ya dawo gida don aurensa ne namijin cilakowar ya daina zuwa. Tagum ya zauna tun safe har rana ta karkata, ba motsi. Bakin macen yana leƙowa ta tsagar yana komawa. Washegari ma haka. Tagum ya dawo gida, ya tarar da Lokam a bakin murhu yana murmushi, da wani ƙunshin ganye a gabansa. Yaron ya tura masa da hannu biyu, cikin ladabi.

Tun kafin ya gama warwarewa ya ga tsagun nan na gefen baki.

"Baba," in ji Lokam, "ranar bikina ba wanda zai yi maka dariya."

Can cikin daji Lokam ya sami tsuntsun a kan wani ɓaure, nesa da bishiyar, ya harbe shi, bai ma san na babansa ne ba. Ya ƙyafe kan da hayaƙi da kansa, ya goge shi da mai. Tagum ya daɗe yana duban abin. Da a ce mugunta ce ta sa, da ya san inda zai ajiye fushinsa. Amma ƙauna ce zalla, kuma ita ta fi ciwo. Bai zage shi ba, bai gode ba, ya naɗe ya soke a rufin ɗaki.

Matarsa Yasap ta bi shi har baranda. Ta ce masa ya yi tunani da kyau, in ya buɗe baki da hannunsa zai kai ɗansa kurkuku, ga tara, ga aure ya watse. Ya ce ya sani. Ta ce to ya manta da tsuntsuwar, ba ita ce ta farko da ta mutu a kogo ba. Ya san gaskiya ta faɗa, kuma ya san shi ne sanadin da yawa daga cikinsu.

Da jami'in gandu ya biyo zagaye ya tambaye shi labarin sheƙa, Tagum ya ce lafiya lau. Da wannan kalmar ya rufe wa kansa ƙofa. Ba damar neman taimako, don duk wanda ya ji namiji ya ɓace zai tambayi yadda aka yi, kuma a ƙauye irin Rilo amsa ba ta daɗewa a ɓoye.

Ya saro gora ya feƙe turaka, ya riƙa kafa su a jikin bishiyar yana hawa, irin yadda yake cirar zuma yana saurayi. Sai dai gwiwar saurayin ta daɗe da tafiya. Ya isa bakin kogon yana haki, ya miƙa ɓaure da yatsu. Macen ta sare shi har jini, ta koma can ƙurya. Ya gwada da tsinke, ta ƙi. Ya jefa a ciki, ta turo shi waje tare da kashinta. Yana jin numfashinta ta tsagar, da warin ɗumin kogon, ga abinci a hannunsa, amma ita mijinta take jira.

Da safe ya zaro ƙunshin nan daga rufin ɗaki. Ya ɗaure muƙamuƙin da zare yadda zai buɗe ya rufe a hannunsa, ya hau. Ya ƙwanƙwasa jikin bishiyar da shi kamar yadda ya sha gani. Ya ɗauki ɓaure da ƙarshen bakin, ya kai tsagar, ya ɓoye kansa a gefe.

Ta karɓa. Ta sake karɓa. Ta yi wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa da bai taɓa ji daga gindin bishiya ba, ta goga bakinta a jikin wanda ke hannunsa. Tagum ya rungume bishiyar da hannu ɗaya, kunya ta rufe shi. Ya yaudari dabbobi da yawa a rayuwarsa don ya kashe su, bai taɓa jin nauyin ko ɗaya kamar wannan ba.

Daga ranar bishiyar ta mallake shi. Da asuba neman ɓaure, hawa, sauka, sake nema, sake hawa, har yamma. Da ya fara jin kukan ɗan tsako a ciki, ɓaure ya daina isa, sai da nama. Mutumin da ake ba da labarin harbinsa a ƙauyuka uku ya koma bin ƙadangaru da ƙaguwa a bakin rafi, yana zamewa a laka. Gonarsa ta cika da ciyawa. A ƙauye aka ce Tagum ya yi amarya a daji, shi ya sa ya rame. Yasap kan gasa masa gwiwa da ruwan zafi.

Ranar biki tana matsowa. Boka ya riga ya duba hantar kaza ya tsayar da rana, kuma ba a ɗaga ranar da hanta ta nuna. Garin amarya yana bayan duwatsu, zuwa da shagali da dawowa kusan mako ne. Uban ango ne ke riƙe igiyar saniyar farko ta sadaki, shi ne ke tsayawa gaban surukai ya jero sunayen kakanni. Uba yana raye ya tura ƙaninsa, cin fuska ne da ake gadar wa jikoki. Tagum ya je ya roƙi boka ya sake dubawa. Aka yanka wata kazar, hanta ta maimaita maganarta. Yasap ba ta iya hawa. Lokam shi ne ango. Ba na ukun da za a faɗa wa.

Ranar tafiya ya sulale tun da duku-duku, wai zai ba tsuntsuwar ɓaure na ƙarshe ya dawo. Yana sama rana ta fito. Daga can yana hango ƙauyen a ƙetaren kogi, an jera shanu, mata sun goya kwanduna, ana kaɗa ƙararrawar tagulla. Sai ya ji takun mutum a ƙasa. Lokam ne, cikin kayan ango, da hular babansa a hannu. Ya cire bakin robar, ya bar gurbin wanda zai ɗora.

Lokam ya ɗaga kai zai yi magana, ya ga abin da ke hannun uban, ya ga bakin da ke fitowa ta tsagar yana karɓa. 

"Baba, ka sauko," ya ce. "Mutane na jira. 'Yan kwanaki ne kawai."

"Ɗan tsakon ba zai kai ba. Ita ma da wuya."

"To ni fa? Me zan ce wa surukaina?"

Tagum ya duba ƙasa, ya ga yaron da ya goya a wuya ya ƙetare kogin nan da shi, ya ji kamar ya saki turken ya faɗo. A cikin kogo aka ƙwanƙwaso, a hankali, ana neman ƙari.

"Ba ta sani ba, Lokam," ya ce. "Har yanzu ta ɗauka shi ne."

Lokam ya ajiye hular a gindin bishiyar ya juya. Can Tagum ya hango jerin mutanen ya fara hawa tudu, ƙaninsa ne a gaba riƙe da igiya. Ya bi su da ido har ganye ya rufe su. Sannan ya sa hannu a jaka, ya ɗauko wani ɓauren, ya ƙwanƙwasa.