Hannun Mahauta a Ajin Haziƙai

Ofelia Barragan ta shekara goma sha tara tana cire ƙashi daga kafaɗar saniya a mayankar garinmu da ke yammacin Kansas. Tun tana 'yar ashirin da biyu take tsaye a bakin bel ɗin da ke jawo nama, wuƙa a dama, ƙugiya a hagu, nama na zuwa ba ya jiran kowa. Sau biyu aka yi mata aiki a wuyan hannu. A na biyun ne, ana kwance mata bandeji a ɗakin nas ɗin kamfani, ta lura matar tana da kujera, mai tayoyi ma, kuma ɗakinta ba sanyi. Masu son ƙawata labari sukan ce tausayin marasa lafiya ne ya kai Ofelia karatun jinya. Ba haka ba ne. Kujerar ce.

Tana da arba'in da ɗaya ta ajiye wuƙa. Ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, daga shida na safe zuwa biyu na rana tana wanka da juya mutane, daga nan ta wuce kwalejin gari da rigar aikin a jikinta. A gida akwai 'yan mata uku, da mijinta Eusebio mai tuƙa motar abincin shanu, da uwarsa mai ciwon sukari wadda ba ta cin girkin kowa sai na Ofelia, kuma ba ta taɓa yaba shi ba.

Tsarin kwalejin ba shi da wuyar ganewa. Sai ka yi shekara biyu ta share fage, sannan ka nemi shiga sashen jinya. Gurbi arba'in ne, masu nema sun fi ɗari biyu. Ana tara makin darussanka da na jarrabawar shiga, a jera sunaye, a ja layi a ƙarƙashin na arba'in. Ba a tambayar wane aji ka zauna. A ɗin ajin gama-gari ya fi B ɗin aji mafi wuya.

Shekarar farko Ofelia ta ci A a komai, sai kwaleji ta aiko mata da wasiƙar gayyata zuwa ajin haziƙai. Ta kai wa Misis Unruh, mai ba ɗalibai shawara. Matar ba muguwa ba ce, kuma ta san aikinta. Ta ce a jefa wasiƙar a kwandon shara. Ta bayyana mata cewa karatun ajin ya ninka, ga dogon rubutu a ƙarshen zango, kuma ko maki ɗaya ba ya ƙarawa.

"Wannan aji na yaran da uwayensu ke yi musu wanki ne, Misis Barragan. Ba na irinku ba ne."

Da matar ta tsaya a rabin farko na maganar, da Ofelia ta yarda. Amma ta tambayi me ake yi a ciki da ba a yi a ɗayan. Misis Unruh ta ce a darasin sassan jiki, ajin gama-gari da mutum-mutumin roba yake koyo, na haziƙai kuwa da gawar mutanen da suka yi wasiyya a ba ɗalibai jikinsu. Ofelia ta ce a rubuta sunanta.

Su goma sha biyu ne a ajin, sauran duk sa'o'in babbar 'yarta. Suna kiranta Donya Ofelia don girmamawa, suna matsa mata ta wuce. Teburinsu ya samu gawar wani tsoho dogo. Ranar farko yara biyu suka fita neman iska, ita kuwa ta ɗaura rigar aiki ta roba kamar ta dawo gida. A mako na huɗu Dakta Lindgren, malamin ajin, ya ba teburinsu hammatar dama, ya ce aikin zai ci zama uku, kuma a kansa za a ba su makin rabin zango. Abokan teburinta biyu suka miƙa mata wuƙa, tunda kowa ya san daga ina ta fito.

Cikin minti goma sha biyu ta gama. Ta share kitse, ta ɗaye tantani, ta fitar da tsoka fes, kowace a gefenta. Duk farin zare-zaren da ke ratsa wurin ta yanke shi ta zuba a bokiti. A mayanka wanda ya bar irin wannan a jikin nama sai mai duba aiki ya kira sunansa a gaban layi.

Dakta Lindgren ya zo ya daɗe yana kallo. Ya ce bai taɓa ganin aikin wuƙa mai tsafta haka ba. Sannan ya tambaya ina jijiyoyin.

"Suna cikin bokiti," in ji Ofelia.

"To, Misis Barragan, darasin ma yana cikin bokiti."

Jijiyoyin da ke motsa hannu gaba ɗaya su aka ce a tono a bi sawunsu. Teburin ya faɗi jarrabawar, su uku. Yarinya ɗaya ta yi kuka a bakin famfo. Ofelia ta je ta faɗa wa malamin laifinta ne ita kaɗai, a mayar wa yaran makinsu. Ya mayar musu. Nata ya bar shi yadda yake.

Dokar kwaleji ta yarda ɗalibi ya janye daga darasi kafin wata rana ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba, kuma ranar Juma'a ce mai zuwa. Misis Unruh ta kira ta, ta tura mata takardar janyewa har da biro a kai. Ta ce ko Ofelia ta ci sauran jarrabawa duka, B za ta tashi da shi, kuma B ɗaya kan fitar da mutum daga cikin arba'in. Gara ta janye, ta shiga ajin roba zango mai zuwa, ta karɓi A ɗinta. Eusebio ya ce duk abin da ta ga dama. Nereida, aminiyarta ta bakin bel wadda ta riƙe autarta a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre, dariya ta yi har da dafa bango.

"Komadre, an ba ki mutum kin yi masa yankan kanti. Saura kawai ki naɗe shi a leda ki manna farashi. Sa hannu ki huta."

"Ni na lalata wa tsohon nan hammata ɗaya," in ji Ofelia. "Yana da wata. Ba zan gudu in bar shi ba. Ke dai kawo mini kafaɗar saniya ranar Lahadi, wadda ba ku taɓa ba."

Takardar ta kwana huɗu a jakarta, Juma'a ta wuce. Ta gane hannunta na dama ba zai ji magana ba, da ya ji tantani sai ya yanka tun kafin ta yi tunani. Sai ta mayar da aikin hannun hagu, hannun ƙugiya, wanda bai san komai ba sai riƙo. Kowace Lahadi bayan coci takan shimfiɗa kafaɗar saniya a teburin kicin, ta yi awa uku da hantsaki da yatsa tana bin zare ɗaya. Surukarta na zaune tana cewa an kai mace makaranta ta manta yadda ake yanka nama. Da aka zo hammatar hagu, zama huɗu ta ci, ta fi kowa jinkiri. Dakta Lindgren ya tara ajin a teburinta, ya sa ta faɗi sunan kowace jijiya da inda ta nufa.

B ɗin ta samu. Da aka fitar da jeri ita ce ta arba'in da huɗu. Uku daga cikin waɗanda aka ɗauka suka fasa, aka kira na arba'in da ɗaya har zuwa na arba'in da uku, aka rufe. Ofelia ta karanta wasiƙar a mota, ta shiga ta yi wa tsofaffinta wanka.

Misis Unruh ta ce har yanzu da gyara, ta maimaita darasin a ajin gama-gari, sabon maki ya shafe tsohon. Ofelia ta ce ba za ta zauna wata huɗu tana nuna wa roba yatsa don a goge mata abin da ta fi wahala a kansa ba. Ta ɗauki littafin jarrabawar shiga, ta shekara tana lissafi a lokacin hutun cin abinci, ta sake zama. A shekara ta biyu ta zo ta talatin da ɗaya, da B ɗinta a takarda.

Da kanta ta kai wasiƙar ɗaukarta ofishin mai ba da shawara. Misis Unruh ta karanta, ta yi mata murna da gaske, amma ta ce gaskiya ɗaya ce, ajin nan ya ci mata shekara guda a banza.

"Shekarata ce," in ji Ofelia.

Yanzu tana aiki a asibitin wankin ƙoda. Har ta yi ritaya Misis Unruh ba ta daina cewa masu aiki da iyali su jefar da wasiƙar ajin haziƙai ba, kuma ga yawancinsu ita ke da gaskiya. Idan 'yan matan gidan tsofaffi suka kawo wa Ofelia tasu wasiƙar, ba ta cewa su shiga. Takan faɗa musu ita ta arba'in da huɗu ta zo, ta tambaye su ko suna da shekarar da za su iya yarwa. Yawancinsu ba su da ita. Biyu dai sun shiga.