Darasin Malam Maniru a Layin Shinkafa

Malam Maniru mutumin Bodinga ne, dogo, marar yawan magana, ya shekara da shekaru yana koyar da darasin tattalin arziki a wata sakandare da ke kusa da Kajiji. Kullum da sassafe yakan hau babur ɗinsa ya tafi, kafin la'asar ya dawo gida wajen matarsa Atika da yara.

Da aka cire tallafin man fetur, zirga-zirgar nan ta gagare shi. Ya jingine babur a zaure, ya ɗauki tabarma da ƴar tukunya, ya tare a wani ɗaki na makarantar inda ake ajiye karyayyun bencina. Da farko kowace Juma'a yana zuwa gida, daga baya ya koma sai ƙarshen wata. Abokin aikinsa Malam Abba, wanda suke hira da shi bayan an tashi, ya ajiye alli ya koma fataucin albasa. Idan ɗalibai suka watse, babu motsin kowa a harabar sai na awakin da ke shigowa ta inda katanga ta rushe. Ya dafa ɗan abin da zai ci, ya ci shi kaɗai.

A zangon nan ne manhaja ta kawo shi kan babbar karayar arzikin da ta auka wa Amurka kusan shekara ɗari da suka wuce. Ya shirya darasin da kyau. Ya gaya wa ƴan ajin yadda bankuna suka rufe, masana'antu suka sallami ma'aikata, magidanta suka yi layi don kwanon miya.

Ramla, wadda ke zama a gaba, ta ɗaga hannu. "Malam, to gwamnatinsu mi ta yi musu?"

"Wannan sai gobe in Allah Ya kai mu," in ji shi.

Washegari ya shiga aji bai tarar da kowa ba. Mai gadi ya shaida masa an kawo shinkafar tallafi, duk gari yana filin rabo. Ya daɗe tsaye da alli a hannu, sannan ya sa hularsa ya bi hanya.

Can wajen ƙarshen layi ya hango ɗalibansa, wasu da buhu, wasu da kwarya. Suna ganinsa suka fara sunkuyar da kai. Mode, shugaban ajin, ya matsa gefe.

"Malam, ku shiga gabana."

"Ba karɓa na zo yi ba. Jiya Ramla ta yi tambaya, ban ba ta amsa ba."

Nan cikin rana ya tsaya ya ba su amsar. Ya ce can Amurka ma an raba abinci, amma ba a tsaya nan ba. An ɗauki marasa aiki suka gina hanyoyi da madatsun ruwa, suka shuka itatuwa, ana biyansu. Wani dattijo da ke gabansu ya juyo yana saurare.

"Malam, sun warke ke nan?" dattijon ya tambaya.

"Sun warke, Baba, amma an ɗauki shekaru. Wasu ba su ga ƙarshen abin ba."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya mai da fuskarsa gaba.

Kafin layi ya iso kansu shinkafa ta ƙare. Yaran suka naɗe buhunansu, suka yi masa sallama, kowa ya kama hanyar ƙauyensu. Shi kuma ya taka zuwa makaranta.

Bayan wannan rana ajin bai sake cika ba. Mode ya tafi aikin lambu a fadamar Danchadi. Ramla da wasu ƴan kaɗan suka daure har jarrabawa.

Ƙarshen watan ya samu motar albasa ta rage masa hanya zuwa Bodinga. Yana yin sallama, autarsa Bahijja ta leƙo, ta ruga ta ɓuya bayan uwarta.

"Inna, an yi baƙo."

Atika ta yi dariya, amma ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Malam Maniru ya durƙusa a tsakar gida ya miƙa hannu, ya jira har yarinyar ta taho.

Har yanzu yana can yana koyarwa. Ranar Lahadin ƙarshen wata da yamma za ka gan shi bakin titi a Bodinga da ƴar jakarsa, yana jiran motar komawa makaranta.