Ƙofar da Na Sa Aka Toshe

Motar da na fara saya tsohuwa ce, 'yar Beljiyam mai turbo, wato na'urar da ke dura wa inji iska, zamanin ina ƙaramin ma'aikaci a sakatariya. Ba ta yi wata biyu ba ta fara ciwo, sai na kai wa yayana, makanike a Unguwar Shanu. Shi ne ya bar makaranta ya shiga gareji lokacin da mahaifinmu ya rasu, ni kuma na ci gaba da karatu. Tun ina yaro ba ya kirana da wani suna sai Auta.

Ya ce ƙofar cikin turbon ce ta tsage. Kwana uku ya yi yana walda, ya haɗa wata a waje, mai sifirin da ɗan guntun bututu.

"Auta, wannan wesget ce," in ji shi. "In iska ta yi wa inji yawa, sai ta buɗe, hayaƙi ya bi ta nan, turbo ya sassauta. Za ta yi ƙara, amma ka bar mata wurin huci."

Ƙara kuwa ta yi. Da na taka totur a hawan Malali sai ta kwarma ihu kamar ana yanka akuya. Abokan ofis suka samu abin yi. In na shigo sai su ce ga mai injin niƙa ya iso. Ni kuma a lokacin ba na ɗaukar wasa, girman kai ya yi min katutu.

Na kai ta wurin wani mai walda, na sa ya toshe bututun. Ta yi shiru, ta kuma ƙara gudu. Da ma na tsaya a nan. A'a, sai da na biya ta garejin Yaya, a gaban abokan sana'arsa da masu jiran gyara na ce, "Yaya, motar zamani ba a yi mata aikin gargajiya. Wannan sai wanda ya yi karatu."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya koma kan aikinsa.

Ranar Asabar ta gaba injin ya tarwatse a hanyar Zariya, bayan Kawo kaɗan. Fistan biyu suka narke. Yaya ne ya zo ya jawo motar da igiya, ya yi sati uku a kanta, ya mayar da ƙofar yadda take. Ina ta jiran faɗa, don da ya yi faɗan da na samu hanyar ba shi haƙuri. Bai yi ba, ni ma kunya ta hana ni farawa.

Da ya gama, ya miƙo min makulli da hannu biyu.

"An gama, ranka ya daɗe."

Shekara goma sha ɗaya ya yi bayan nan, muna gaisawa, muna cin tuwon salla tare. Har ya koma ga Allah ban sake jin Auta a bakinsa ba.