Takobin Kaka a Hannun Mai Tsatsa

Mijin gwaggona mutum ne da in ka miƙa masa abu mai kyau sai ya yatsina fuska, in ka miƙa masa ruɓaɓɓe ya tashi tsaye ya karɓa da hannu biyu. Mai Tsatsa muke ce masa a bayan idonsa. Daga baya ya ji, maimakon ya ji haushi sai ya ɗauka sarauta muka ba shi. Ni dai bakina bai taɓa iya ce masa Kawu ba sai in Gwaggo tana wurin.

A ofishin ruwa ya yi aikinsa, a teburin da ke kusa da ƙofa, har ya yi ritaya ba wanda ya ga dalilin matsar da shi ciki. Ba a san shi da sata ba, ba a kuma san shi da aiki ba. Yana ajiye aiki sai ya tsiri tara makaman mutanen da: takubba, masu, garkuwa, kwari da baka, bindigogin toka. Ɗakin baƙi ya fara cinyewa, ya fitar da kujerun zuwa baranda, ya cika bango da ƙusoshi. Daga nan ya ci ɗakin ajiya, Gwaggo ta koma tura buhunanta ƙarƙashin gado. Mutumin da ko kaza za a yanka sai ya fita neman maƙwabci, shi ne yake kwana da kayan yaƙi.

Iliminsa kaf bai wuce abu ɗaya ba, wato tsohon ƙarfe da tsatsa ake gane shi. In aka kawo masa takobi sai ya ƙanƙance ido, ya ƙwanƙwasa da farce, ya shinshina, wani lokaci har ya lakato tsatsar ya kai harshe, sannan ya girgiza kai ya ce, "Wannan ya sha jini." Akwai wani dillali da ya karance shi tsaf. Kullum da buhu yake zuwa, yana waige-waige kamar an biyo shi, ya rage murya ya ce a wani kango aka tono, jikan jarumin ne ya sayar don yunwa. Ƙasa ma ba ya kakkaɓewa daga jikin kayan, don ya san har ita ake saya.

Abokan sha'awarsa biyu ne, wani tsohon likitan haƙori da wani mai kantin taya. Duk ƙarshen mako sai su hallara a ɗakin, su sha shayin Gwaggo, su yi ta musun yaƙe-yaƙen da ba wanda ya san inda aka yi su. Wanda kayansa suka fi lalacewa shi ne babba a ranar.

A gidan nan kuwa akwai abu ɗaya tsoho na gaske, kuma ba nasa ba ne. Takobin kakana ne, mahaifin Gwaggo, wanda shi ma a hannun ubansa ya gada. Gwaggo ce ta yi jinyarsa har ya cika, shi ya sa ya tsallake 'ya'yansa maza ya ba ta, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Tela ce, don haka da man keke take kula da shi. Duk mako sai ta zaro shi daga kube, ta ɗora a cinya, ta goge shi da wani tsumma mai laushi kamar yadda ta ga ubanta yana yi. Kusa da mariƙin akwai zanen jinjirin wata guda biyu suna kallon juna, a jikin fatar mariƙin kuma akwai ɗan lotso inda babban yatsan Kaka ya saba zama. A nan take ɗora nata yatsan. Ba ta da hotonsa, ba ta da rigarsa, wannan kaɗai ta mallaka.

Takobin yana sheƙi har kana iya ganin fuskarka a ciki, kuma wannan sheƙin shi ne ciwon Mai Tsatsa. Wata rana ya lallashe ta ya nuna wa abokansa. Likitan haƙori ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Ai wannan na 'yan wasan kwaikwayo ne." Mai taya ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, Mai Tsatsa ya san gaskiya sarai. Ya ga takobin a hannun surukinsa tun yana zuwa neman aure. Amma dariyar mutum biyu ta fi masa nauyi a kan abin da idonsa ya gani.

"Kin goge masa shekarunsa," in ji shi ga Gwaggo bayan sun tafi. "Kayan tarihi ba kwanon miya ba ne."

"Haka Baba ya bar mini shi, Malam," ta ce, ta mayar da shi kube.

Sai ƙanwarta ta kwanta asibiti a wani gari, Gwaggo ta tafi jinya. Ta kulle takobin a akwatinta, ta bar makullin inda ta saba bari, don ba ta taɓa zaton sai ta ɓoye wa mijinta makulli ba. Bai ɓata lokaci ba ya nemi dillali ya tambaye shi yadda ake mayar wa ƙarfe tsufan da mata suka goge. Dillali ya karanto masa tiryan-tiryan: a wanke man da kananzir, a shafe da gishiri da ruwan batir, a binne a ƙasa mai danshi. Ko a ransa bai tambayi kansa ba inda dillali ya ƙware a wannan sana'a haka. Ya haƙa rami a bayan banɗaki inda ruwa ke kwanciya, ya binne takobin surukinsa. Jinya ta yi tsawo, shi kuma duk bayan kwana biyu sai ya tono, ya ga bai tsufa yadda yake so ba, ya ƙara ruwan batir.

Ni na ɗauko Gwaggo daga tasha ranar da ta dawo. Muna shiga muka tarar da su ukun a ɗakin baƙi, sun tsaya gaban bango hannuwa a baya. A tsakiyar bangon an rataye wani jan abu mai kuraje, bakinsa duk giɓi, tsininsa ya gutsure. Da mariƙin ta gane shi. Na ga idonta ya tafi neman jinjirin watan nan biyu, babu su, babu ko alamar inda suke.

"Yanzu ya zama takobi," in ji likitan haƙori. "Wannan ya fi duk abin da ke ɗakin nan."

Mai Tsatsa yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya juyo ya ce, "Kin gani ko? Darajarsa na fito masa da ita. Wata rana za ki gode mini."

Gwaggo ta juya. Ta karɓi jakarta a hannuna ta shige ɗaki. Na so ta yi ihu, na so ta fasa wani abu. Na tsani mutumin nan a ranar, kuma har yau ban ga dalilin dainawa ba.

Da mako ya zagayo, Mai Tsatsa ya bi dillali kallon wani sabon kango. Gwaggo ta kira ni ta ce in zo mata da samfefa da soson waya da galan na kananzir. Muka sauke kayansa kaf daga bango muka shimfiɗa a tsakar gida, ta ɗaura zane a ƙugu, muka hau gurza. Ba mu yi nisa ba tarihi ya fara bayyana. Takobin da ya sha jini sifirin mota ne, har da ramin ƙusarsa da aka toshe da laka. Garkuwar wani jarumi murfin durom ce. Kan mashi ɗaya rodin gini ne aka daddaƙa. Babbar bindigarsa kuwa, wadda ba ya bari kowa ya taɓa, da tsatsar ta fita sai ga bututun ruwa, da hatimin ofishin ruwan da Mai Tsatsa ya tsufa a cikinsa a jiki ɓaro-ɓaro. Muka mayar da kowanne kan ƙusarsa yana walƙiya.

Tare da abokansa ya dawo. Mai taya ne ya fara gane sifirin, don sana'arsu ɗaya da masu gyaran mota, ya yi gyaran murya ya tuna yana da uzuri. Likitan haƙori ya bi shi ko sallama babu. Mai Tsatsa ya sauko da bindigar, ya kalli hatimin, ya zauna daɓas a ƙasa. Sai ga hawaye. Bai yi kuka ranar da surukinsa ya rasu ba, ina wurin, amma ya yi wa bututu kuka.

"Kin kashe ni," ya ce. "Kin kashe mini tarihi."

"Wankewa kawai na yi, Malam," in ji Gwaggo. "Naka in ka binne su za su dawo yadda suke. Nawa fa, a ina zan binne shi ya dawo?"

Ta miƙa hannu ta sauko da takobin Kaka, shi kaɗai ne ba mu taɓa ba. Ta ɗora a cinya, ta ɗiga man keke, ta shafa tsumman a hankali. Tsatsar ta biyo tsumman, ƙarfen ma ya biyo ta, yana zuba a zanenta kamar garin bulo. Da ta ɗaga shi sai muka ga hasken taga ta cikinsa. Ta tattara garin a tafin hannu ta zuba a kube, sannan ta zura abin da ya saura.

Kwanaki kaɗan bayan haka na je gaishe ta, na hango Mai Tsatsa a bayan banɗaki da fartanya da ƙullin gishiri, ya jera kayansa a bakin rami. Shawararta ya ɗauka. Ita kuwa tana ɗaki da kuben a cinya, tana goge fatar, yatsanta a kan lotson nan na mariƙi. Har na tashi tafiya ba ta zaro takobin ba, kuma ban sake ganin ta zaro shi ba.