Sunan da Balaraba ta kasa faɗa

Ina tsaka da ƙulle wa kwastoma jaka a shagona na Canal Street a birnin New York sai ga waya daga Kano. Balaraba ce, wadda wani kamfanin dalilin aure ya haɗa mu. Yau ta je intabiyun biza, domin babanta ya ce ba zai sa ranar aure ba sai ta zo ta ga zamana da idonta.

Daga sallamarta na san an hana ta bizar.

Na ce, "Me suka tambaye ki?"

Ta ce, "Baturiyar cewa ta yi in faɗi sunan wanda zan je wurinsa. Na ce Alhaji. Ta ce Alhaji wa? Sai na sunkuyar da kai."

"Haba Balaraba! Ba ki san sunana ba ne?"

"Na sani mana. Sunan babana gare ka. Ya zan kama shi gatsal a gaban mutane?"

Ni da na fara da tallan tabarau a bakin titi har na kafa shago, yau na rasa dabara. Kunyar da ta sa na zaɓe ta, ita ta rufe mana ƙofa.

Jama'a, da wane baki zan ce ta daina?