Rigar Sanyi a Cikin Leda

Ba na son tuna Inna a lokacin ɗari, don raina ne ke ɓaci. Amma sanyi ya shigo, ƙirjina ya fara irin tarin da Baba ya yi, to bari in faɗi abin da ke cina.

Inna ita ce ta haifi Babanmu. A ƙauyenmu da ke bayan Sundimina, in an kai dawa rumbu, shanu sun shigo gona suna cin kara, lokacin hirarta ya yi. Bayan sallar isha'i a hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da busasshen kashin shanu. Mu jikoki mu kewaye, kowa ya tura dankalinsa cikin toka yana gadi kada na kusa ya janye masa. Ita kuwa tana kaɗi, mazari na juyawa, ba ta ko kallonsa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai dai ta ce, "Mai barci ya tashi ya ba mu wuri, mai kunne ya matso."

Baba kan zauna can gefe yana tufka igiyar maruƙa, sanye da rigar sanyinsa. Shat ce mai dogon hannu, ja da baƙi, zanen gidan dara, mai kauri, cikinta da laushi kamar gashin ɗan tsako. 'Yan kanti filanel suke ce mata. A Birnin Kudu ya saya, shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki, kuma a gaban Inna, ranar da ta kai nono kasuwa. Ita ta jiƙa gefen rigar da yawu, ta murje, ta ɗaga ta sashen rana ta ga ko haske zai ratsa. Bai ratsa ba. Kuɗin rigar bai kai na ɗan akuya ba.

Tatsuniyar da ta fi yawan yi mana a irin wannan lokaci ta Kwaɗo ce. Wai a da Kwaɗo yana da wutsiya, doguwa mai kauri, in sanyi ya zo ya naɗe jikinsa da ita ya yi barcinsa. Rannan ya je kasuwa ya tarar da Mesa ta kasa gora guda ɗaya, an toshe bakinsa da danƙo. Ta ce riga ce a ciki, irin wadda take sawa, ya dubi jikinta ya ga zane. Kwaɗo ya duba, ya ga sheƙi, ya ce a buɗe ya taɓa. A nan Inna kan siririnta murya, ta karkace kai kamar 'yar talla: "Haba Kwaɗo, ai kayan manya ba a buɗe su a kasuwa, iska ɓata su take yi. Kai gida ka buɗe." Mu yi ta dariya.

Kwaɗo ba shi da kuɗi ko wuri ɗaya, sai Mesa ta ce ya bar wutsiya. Ya yanke ya ba ta. Da ya isa gida ya fasa gora, sai ga saɓar maciji, fatar da Mesa ta yar tun bara. Ya zura, raɓa ta sauka, ta narke a jikinsa. Shi ya sa, in ji Inna, 'ya'yan Kwaɗo da wutsiya ake haifarsu amma ba ta zama, kuma da an ce ɗari sai ya shige taɓo. Ta kan rufe da nuna mu da mazari: "Abin da aka hana hannunka, kada ka ba shi aljihunka. Ta ƙare, a tura kara."

Na riƙe wannan magana. Ni boko aji huɗu na tsaya, amma wannan darasin ban manta ba, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Inna ta rasu, na girma. Aka shiga shekarun man fetur, kuɗi ya cika gari, kowane ɗan iska ya rataya rediyo a kafaɗa. Na samu aikin lebura a gyaran hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Rigar Baba ta yi shekara goma sha wani abu, gwiwar hannu ta sha faci, wuya ya cinye, amma har lokacin ba ta barin sanyi ya shiga. Shi kuma ya manyanta, da asuba yake kora shanu fadama, ya fara ɗan tari. Na ce bana kam ni zan yi masa sabuwa.

Na zaga kasuwar Birnin Kudu rumfa rumfa. Riguna ga su nan rututu, ja da baƙi, kore da baƙi, zanen dara sak irin tasa. Amma kowace tana cikin leda a liƙe, an tokare wuyanta da kwali. Na ce a buɗe in taɓa, mai kanti ya ce in na buɗe na saya. Na tuna Inna, na juya na fita. Na hau mota zuwa Gwaram, can ma haka. Na je wajen tela in sa a ɗinka, ya ce wannan yadin ya daina zuwa, sai mai santsi da ke narkewa in tartsatsi ya taɓa shi. Na nemi masaƙin garinmu ko gwado in samu, aka ce ya jingine kayan saƙa ya tafi birni gadi. Ga sanyi yana ƙaratowa. Na koma na zaɓi mafi tsada, wadda kuɗinta ya kusa na tunkiya, ina cewa tsada ba ta ƙarya.

Baba ya sa, ya shi mini albarka har ya yi ƙwalla. A wajenmu kuwa in ɗanka ya yi maka sabuwar sutura, tsohuwar sai ka yi kwance da ita, ka ba wanda bai da shi. Kafin magariba ya aika wa maƙwabcinmu Malam Sale da tsohuwar rigar.

Wanki ɗaya aka yi wa sabuwar. Ruwan ya yi fari kamar an dama koko, ashe duk kaurin nan sitaci ne. Da ta bushe na ɗaga ta, ina hango bishiyar ƙofar gida ta cikinta. Hannun ya tattare ya koma gwiwa. Na ce wa Baba bari in je wurin Malam Sale in yi masa bayani ya dawo da waccan, mutumin kirki ne, ba zai ƙi ba. Ya dube ni ya ce, "Abin da na bayar? Ka fara gina mini kabari tukuna." Na ce to ya yafa bargo. Ya ce wa ya taɓa bin shanu da bargo, kuma ba za a ce ɗansa ya yi masa riga ya ƙi sawa ba.

Haka ya riƙa fita da asuba da wannan rariya a ƙirji. Ana tsakiyar ɗari ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, muka kai shi asibitin Birnin Kudu. Malam Sale ya zo dubiya da ƙwaryar fura, sanye da tsohuwar rigar, ta yi masa caf, har yana gumi. Bai san komai ba, Baba kuma ya harare ni kada in buɗe baki.

Na ɗauki rigar na kai wa mai kanti. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce shi ma a ɗaure aka kawo masa daga Kano, na Kano kuma daga Legas, in rigima nake so in je in tare jirgin ruwa. Zauna-gari-banzan da ke benci suka kwashe da dariya.

Baba ya tashi, amma numfashinsa bai dawo daidai ba. Bai sake bin shanu ba, aka ba wani kiwo, ya zauna a zaure yana tari har Allah ya karɓi abinsa. Na san kwana ne ya ƙare, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Yardar ba ta hana ni jin haushi ba.

Da ina yaro na ɗauka Kwaɗo wawa ne. Yanzu na san Inna ta yi mana tatsuniyar zamanin da ake da zaɓi, lokacin da mayaudari ɗaya ne a kasuwa, ka wuce shi ka je gaba. Ba ta gaya mana yadda talaka zai yi ba in ya duba gabas da yamma ya ga kowace rumfa toshe take. Allah ya jiƙanta, ba ta ga wannan zamanin ba. Ni da na gani, yanzu in na shiga kanti farke ledar nake yi a gaban mai ita, in tofa yawu in murje. An zage ni, an taɓa kai ni wurin mai unguwa, yara suna ce mini tsohon rigima. Su ce. Ni dai ba zan ƙara kai wa nawa abin da ban taɓa ba.